Bayani A Kan Kular Baƙin Mai Ta Motocin Fetur, Domin Mai Saye Da Mai Sayarwa

 Yau za mu shiga layin masu kayan gyaran mota, mu ɗauko wani ɗan ƙarfe guda wanda sau da yawa girmansa bai wuce gwangwanin madara ba, amma in ya lalace yana iya jawo wa mutum asarar inji sukutum. Makanikai suna ce masa oyil kula, watau abin sanyaya baƙin mai. Mu a nan za mu riƙa cewa kular mai. Kada mai karatu ya zaci kular da ake zuba abinci ce, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Ana cinikinta a Ƙofar Ruwa ta Kano, da Fanteka ta Kaduna, da Ladipo ta Ikko, har da Suame ta Kumasi, sabuwa da ta hannu. Amma da yawa cikin masu saye ba su san aikinta ba, wasu masu sayarwa ma sunanta kaɗai suka riƙe. Daga nan ne asara iri uku take fitowa. Wani ya sayi wadda motarsa ba ta bukata. Wani ya sayi ta hannu mai ɗauke da cuta a cikinta. Wani kuwa a kwance masa kan inji a banza, alhali laifin kula ne. To, waɗannan ukun muke son mu toshe, sai a karanta a tsanake.

Fasali na farko: abin da ya haɗa baƙin mai da zafi

Fetur ɗin da inji ke ƙonawa, kashi ɗaya cikin uku ne kawai, ko ma ƙasa da haka, yake zama ƙarfin da ke juya taya. Sauran duk zafi ne. Wani ya bi salansa ya fita, wani ruwan lagireto ya kwashe. Amma fa ruwa ba ya kaiwa ko'ina cikin inji. Yana zagaya jikin silinda da kan inji, ba ya taɓa ƙarƙashin fistin, ba ya kuma shiga metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kansa. Waɗannan wurare baƙin mai ne kaɗai ke zuwa. Shi ke shafe su, shi ke ɗauko zafinsu ya sauko da shi kaskon ƙasa. Ka ga ke nan aiki biyu yake yi, ga sa santsi ga rage zafi.

Kaurin mai kuwa yana bin zafi ne, kamar manja ko man shanu: da sanyi ya yi kauri, da zafi ya tsinke. Lambobin nan da ke jikin galan, kamar 20W-50 ko 5W-30, zancen da suke yi ke nan. Ta farko mai harafin W tana faɗin yadda mai ke gudu da sanyi, ta biyu tana faɗin kaurinsa a zafin digiri 100, watau zafin da ruwa ke tafasa. Inda mai ya fi yin aiki daidai shi ne tsakanin digiri 90 zuwa 110. In ya haura 120 ya daɗe a can, mai na gama-gari sai ya soma tsinkewa, matsinsa ya ragu, ƙarfe ya fara gugar ƙarfe. Sa'an nan yana tsufa da wuri. Ƙa'idar da masana mai ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin lalacewarsa. Watau man da aka zuba da niyyar ya kai ranar juye, sai ya gaji tun a rabin hanya. Wanda ake kira sintetik ya fi juriya, amma shi ma yana da iyaka.

Sanyi ma yana da tasa illar, wannan kuwa mutane ba su cika sani ba. Duk lita guda ta fetur da ta ƙone tana haifar da wajen lita guda ta ruwa, wanda ke fita ta salansa a matsayin tururi. Kaɗan daga cikin tururin, tare da ɗanyen fetur, yakan sulale ta gefen ringi ya faɗa cikin mai. In mai ya yi zafi sosai, sai su ƙafe su fita. In bai yi ba, sai su zauna, su haɗu da dauɗa su zama laka baƙa mai toshe hanyoyin mai. Saboda haka abin da ake nema shi ne tsakaitawa, kada ya yi zafi da yawa, kada kuma ya yi sanyi da yawa. Duk wanda ya riƙe wannan, sauran bayanin zai zo masa da sauƙi.

Fasali na biyu: ire-iren kula

Iri biyu ne. Ta farko ita ce ta iska. Kamar ɗan ƙaramin lagireto take, da siraran fikafikai na alminiyom, ana kafa ta a gaban mota inda iska ke bugu. Tiyo biyu ke haɗa ta da inji, ɗaya ya kai mai, ɗaya ya komo da shi. Mai kyau tana da nata tamostat, wanda ba ya barin mai ya bi ta cikinta sai ya kai wajen digiri 80.

Ta biyu ita ce ta ruwa, ita ce kuma ta fi yawa a ƙananan motocin fetur. Faranti ne sirara aka jera aka liƙe, hawa-hawa: wannan hawa mai, na kusa da shi ruwan lagireto, suna musayar zafi ta jikin ƙarfe ba tare da sun gauraya ba. Galibi tana zaune a gindin filtar mai. Falalarta ita ce, da safe ruwa ya fi mai saurin ɗaukar zafi, sai ya ɗumama man. In tafiya ta yi nisa mai ya fi ruwa zafi, sai ruwan ya riƙa sauke masa. Iyakarta kuwa, ba ta iya sanyaya mai ƙasa da zafin ruwa, kuma duk zafin da ta karɓa lagireto take kai wa. In lagireto ya toshe, to, ruwa da mai duka sun shiga uku.

Akwai kuma wata da ake yawan rikita su da ita, watau kular man giya ta motoci masu canza giya da kansu. Ita wannan sau da yawa a cikin tankin lagireto take ɓoye. Aikinta daban, manta daban. Ga irin cinikin da ake yi a layi:

"Alhaji, barka da kasuwa. Oyil kula nake nema."

"Barka kadai, maigida. Ta inji ko ta giya?"

"Shi dai makanike kula ya ce mini."

"To, ranka ya daɗe, ko ka koma ka tambayo, ko ka zo mini da tsohuwar a hannu. In na ba ka a kan zato, gobe da rigima za ka dawo."

Wannan mai shago ya yi daidai. Da ma kowa haka yake yi.

Fasali na uku: darasi daga motoci biyu na da

A 1975 masana'antu biyu suka soma haɗa motoci a Nijeriya: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Ojo ta Ikko. Motocinsu biyu sun isa su nuna mana inda kula take wajibi da inda ba ta zama ba.

Volkswagen Beetle, wadda Yarabawa suka laƙaba wa Ijapa, watau kunkuru, ba ta da lagireto ko kaɗan. Injinta a baya yake, silinda huɗu, fanka ce ke hura masa iska. Baƙin man da take ci lita biyu da rabi ne kacal, kuma ba ta da filta irin ta sauran motoci, sai 'yar rariya ta waya a ƙasan inji. Inji irin wannan, babu ruwa, mai kaɗan, ai ba ya rayuwa sai da kula. Shi ya sa kamfanin ya sa ta tun daga masana'anta, a tsaye cikin gidan fanka. Amma a tsohon tsari, kular tana tsaye ne a kan hanyar iskar da ke zuwa silindun ɓangaren hagu. Iska sai ta ɗebi zafin mai kafin ta isa can, don haka silinda ta uku ta fi 'yan'uwanta zafi, bawul ɗinta na hayaƙi shi ya fi saurin ƙonewa. Daga ƙirar 1971 sai aka fitar da kular zuwa wani ɗan ɗaki nata a bayan gidan fanka, aka ba ta iskarta daban, aka faɗaɗa fankar. Darasin a nan shi ne, zafin da kula ta cire ba ɓacewa yake yi ba, wani wuri yake komawa. Wanda zai kafa ta sai ya fara tambayar kansa ina zafin zai tafi. An daina ƙera wannan tsohuwar Beetle a 2003, a Puebla ta ƙasar Meziko, bayan an yi fiye da miliyan 21, amma darasin yana nan.

Peugeot 504 kuwa, wadda ta sha jigilar fasinja daga tasha zuwa tasha shekara da shekaru, tana da lagireto, tana cin mai wajen lita huɗu, injinta ba a matse shi ba, kuma iska na bugun kaskon manta a ƙasa. Galibin masu shan fetur ba su zo da kula ba, sun kuwa yi ta ratsa zafin Sakkwato da Maiduguri da kaya har bisa rufi. Ashe ba kowace mota ke bukatarta ba. Tsarin inji ne ke yanke hukunci.

Fasali na huɗu: motocin yanzu

Injunan zamanin nan ƙanana ne amma ƙarfinsu ya fi na da, an kuma cusa su cikin wuri matsattse, an rufe ƙasansu da roba, iska ba ta samun kaskon mai kamar da. Da yawa suna da 'yan bututu masu fesa mai a ƙarƙashin fistin don sanyaya shi, wannan kuwa ƙarin zafi ne a kan mai. Masu tabo, watau fankar nan da hayaƙi ke juyawa don ta tura iska cikin inji, sun fi kowa bukata: tana juyi fiye da sau 100,000 a minti guda, hayaƙin da ke kora ta yakan kai digiri 900, kuma baƙin man inji ne ke shafe ta. Sa'an nan man da ake rubuta musu siriri ne, kamar 5W-30 ko 0W-20. Don haka kusan duk injin fetur mai tabo yana zuwa da kula daga masana'anta, haka ma manyan injuna da yawa na motocin da aka yi don ɗaukar kaya ko jan tirela.

Abin lura ga mai kasuwa: a motoci da yawa an haɗe kula da gidan filta wuri guda, wani na alminiyom wani na roba mai tauri. Na roba in ya sha zafi shekaru, ko aka ɗaure murfin filta da ƙarfi fiye da kima, yakan tsage. Kuma mota iri ɗaya tana iya zuwa da kula ko babu, gwargwadon ƙasar da aka yi wa ita. Sai a duba jikin motar, kada a dogara da suna da shekara kawai.

Masu Sienna da Highlander masu injin silinda shida, lita 3.5, na wajajen 2007 zuwa 2011, su lura da wannan. A waɗanda suka zo da kula, bututun da ke kai mata mai yana da gaɓa ta roba, daga baya kamfanin Toyota ya fito da na ƙarfe zalla a madadinsa. Wanda ya sayi irin wannan mota ta hannu, musamman don haya, ya sa a leƙa masa ƙasan injin a ga wanne ke ciki. In na roba ne, a canza tun bai fashe ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Fasali na biyar: yadda take lalacewa

Hanya uku ce. Ta farko yoyo a waje. Robobin da ke tsakanin kula da jikin inji suna bushewa su taurare saboda zafi, sai mai ya riƙa tsattsafowa. Sau da yawa kular lafiya lau take, roba ce kawai ta mutu, kuɗinta kuwa bai taka kara ya karya ba. In tiyo ne ya fashe a kan tafiya, wannan ya fi muni, domin famfo yana iya zubar da man inji duka cikin ɗan lokaci. Da jar fitilar mai ta kama, a kauce gefe a kashe inji nan take. Kada a ce bari mu ƙarasa gari.

Ta biyu fashewa a ciki, a irin ta ruwa. Babban dalilinta shi ne zuba ruwan rijiya ko na famfo zalla a lagireto. Ruwan lagireto na gaskiya, mai launin kore ko ja, yana da maganin hana tsatsa. Ruwa zalla kuwa yana cin alminiyom a hankali, farantan kula ga su sirara, har ya huda ɗaya. In inji na aiki, matsin mai ya fi na ruwa nesa, don mai yakan kai ma'aunin ba 2 zuwa 5, ruwa kuwa wajen 1 ne. Saboda haka mai ne ke kutsawa cikin ruwa. Sai ka buɗe tankin ruwa ka tarar da wani abu mai kauri kamar kunun gyaɗa da aka ɗiga wa koko. In an kashe inji matsin mai ya faɗi, ruwa yana iya komawa cikin mai kaɗan. A kiyaye, ba a buɗe murfin lagireto sai inji ya huce.

Ta uku toshewa. Ta iska, ƙurar hunturu da ƙwari da ƙaiƙayi suna cike fikafikanta, sai a wanke da ruwa a hankali, ban da matsi mai ƙarfi don kada su lanƙwashe. Ta ciki kuwa lakar tsohon mai ce ke toshe ta, sakamakon jinkirin juye ko mai na jabu.

Fasali na shida: gaskit ne ko kula ce

Nan ne kuɗi ya fi salwanta. Da an ga mai cikin ruwa, sai a ce gaskit ya ƙone, a kwance kan inji, a kai shi a share, a sayi sabon gaskit, a ɗaure. Bayan kwana uku kunun ya dawo. Mai mota ya biya aikin da bai shafi cutar ba.

Gaskit ɗin kan inji in ya ƙone yakan zo da shaidunsa: kumfa tana tasowa a lagireto ba ƙaƙƙautawa in inji na aiki, tiyon ruwa ya kumbura ya yi tauri da wuri, farin hayaƙi a salansa ko bayan inji ya yi zafi, inji yana rawa da safe, ruwa yana raguwa ba a ga inda ya zuba ba. In waɗannan duka babu, inji yana tafiya sumul, sai dai mai cikin ruwa, kuma motar tana da kular ruwa, to, a fara tuhumar kula.

Gwajin ba wuya. A cire ta, a toshe bakin mai ɗaya, a hura iska ta ɗayan, a nutsa ta cikin ruwa, kamar yadda mai faci ke neman huji a tube ɗin taya. In kumfa ta fito ta bakin ruwa, an kama ɓarawo. Ruwan ɗumi ya fi, domin wata tsagar ba ta buɗewa sai da zafi. Akwai kuma awon matsin silinda, da wani ruwa shuɗi da ake gwada iskar lagireto da shi, wanda ke komawa rawaya in hayaƙi na shiga ruwa. Duk waɗannan sun fi kwance kan inji araha nesa ba kusa ba.

Abu biyu kuma kada su ruɗe mu. In kunun da ke lagireto ja-ja ne a mota mai canza giya da kanta, wannan man giya ne, laifin yana cikin tankin lagireto. In kuwa ɗan farin maiƙo ne kawai a ƙarƙashin murfin zuba mai, a motar da ba ta yin doguwar tafiya, musamman da sanyi, sau da yawa raɓar tururi ce, tafiya mai nisa guda tana kore ta.

Bayan an canza kula, aiki bai ƙare ba. Sai an wanke hanyoyin ruwa sau da yawa har ruwa ya fito garau, a canza duk tiyon da ya yi laushi, domin mai yana kumbura robar tiyon ruwa. A yi juye, a sa sabuwar filta.

Fasali na bakwai: sayen ta hannu

Kayan hannu da ake kira Beljiyam suna rufa wa talaka asiri, ba mu musa ba. Amma kula tana da wani sirri. In injin da aka ciro ta daga gare shi bugawa ya yi, garin ƙarfen metal yana maƙale a lungunan cikinta, wanki da fetur ba ya fitar da shi duka. Ka ɗaura ta a lafiyayyen inji, mai ya yi zafi, garin ya saki ya bi mai, ya je ya ci sabon metal. Haka nan wanda injinsa ya buga aka gyara, kada ya mayar da tsohuwar kularsa. Wannan shi ne garin gyaran gira a rasa ido.

In ba makawa sai ta hannu, a bi waɗannan:

Na ɗaya, a zazzage ragowar man cikinta a kan farar takarda a duba cikin rana. In an ga ƙyalli kamar garin azurfa ko tagulla, a bar ta.

Na biyu, a leƙa bakin ruwa. In ya yi farin gari ko ya ciccinye, ruwa zalla ta sha, kwananta ya kusa ƙarewa.

Na uku, a duba fuskar da ke manne da inji, kada ta kasance ta karkace ko ta karce.

Na huɗu, a yi gwajin iska a gaban mai saye, a ƙidaya farantai da ƙofofi a gwada da tsohuwar.

Na biyar, roba kullum sabuwa ake sawa. Tsohuwar roba ko an shafe ta da gam ba ta riƙewa, gam ɗin ma yana iya ɓallewa ya toshe hanyar mai.

Na shida, a yi sharaɗin mayarwa tun kafin kuɗi ya shiga hannu.

Fasali na takwas: ƙara kula ga motar da ba ta zo da ita ba

Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40, sai mai mota ya ga ai ƙara kula dabara ce. Muna cewa a auna tukuna. Wasu motoci suna nuna zafin mai a gaban direba, wasu na'urar binciken mota tana karanto shi, in babu kuwa ana iya sa agogon awo. In mai yana tsayawa wajen 100 zuwa 110 a tafiya mai nisa da rana tsaka, kuɗinka ya huta. In yana haura 120 ya zauna, a fara duba lagireto, da fanka, da famfon ruwa, da yawan mai da irinsa. Mafi yawan zafin inji daga nan yake.

A nan dole mu taɓo wata al'ada ta garejinmu, watau cire tamostat a jefar, a ce na ƙasar sanyi ne. Shi tamostat aikinsa ya riƙe ruwa har ya kai tsakanin digiri 80 zuwa 90, sa'an nan ya buɗe. In an cire, inji ya daɗe bai ɗumama ba, ya ƙara shan fetur, mai ya tara ruwa da laka. A wasu injunan ma, shi ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin inji, in babu shi sai wani ruwan ya riƙa kewaye lagireto ba ya shiga. Motar da ke da kular ruwa kuwa, zafin manta yana bin zafin ruwanta ne, ka ga an ɓata biyu da jifa ɗaya.

Wanda ƙarin kula zai amfana shi ne mai jan tirela, da mai lodi mai nauyi a doguwar hanya da gudu, da mai yawan hawan tudu irin Hawan Kibo na hanyar Jos da cikakken kaya, in awo ya nuna zafi bayan an gyara sauran. Shi ma da sharuɗɗa. A sa mai tamostat. A yi amfani da tiyon da aka yi don mai da matsi, ban da tiyon ruwa ko na gas. A nisanta shi daga salansa, domin mai in ya fesu a kan jan ƙarfe gobara ce. Kada kular ta rufe fuskar lagireto da yawa, mu tuna da silinda ta uku ta Beetle. Kada ta sauko ƙasa inda dutse ko tudun kan titi zai same ta. A ƙara mai gwargwadon abin da ita da tiyonta suka shanye, a sake aunawa bayan inji ya yi aiki. Kuma a sani, kowane mahaɗi da aka ƙara wata sabuwar ƙofar yoyo ce, sai an riƙa leƙawa.

Kammalawa

Ga mai mota: ka zuba ruwan lagireto na gaskiya, ka yi juye a kan lokaci da man da littafin motarka ya faɗa, ka bar tamostat a mazauninsa, ka riƙa leƙa tankin ruwa da sandar awon mai kowane mako. In an ce maka gaskit ne, ka ce, "Oga, a gwada mini kula tukuna." Makaniken kirki ba zai ji haushi ba.

Ga mai shago: ka tambayi ta inji ce ko ta giya, ka nemi tsohuwar a hannu, ka faɗi gaskiyar inda ta hannu ta fito, in roba ce kawai ta lalace ka sayar masa da roba. Ribar yau za ta ragu, amma direban da ka tserar wa inji zai kawo maka 'yan tasharsu duka. In kunne ya ji, jiki ya tsira.